Wankin kafireta da sauti: abin da na'urar nan take iyawa da inda ƙarfinta ya ƙare

Shin da gaske akwai na'urar da za a jefa kafiretar babur a cikinta, a danna maɓalli, ta fito fes ba tare da an soka mata waya ko an hura ta da baki ba? In kuma akwai, ita ce za ta raba mai babur a ƙauye da shan man da ya hana shi sakat?

A wayoyin matasa maganar ta fara yawo. Bidiyoyi ne a TikTok da Facebook, yawancinsu daga ƙasashen waje. Za ka ga ɗan akwatin ƙarfe cike da ruwa, a tsoma baƙar kafireta, a kunna, sai wani zzzz ya tashi kamar kukan gyare, datti ya riƙa fita daga jikin ƙarfen kamar hayaƙi. Bayan 'yan mintuna a ɗago ta tana ƙyalli. Ni a garejin wani bakanike da ke bakin titin Kano zuwa Zariya, daf da Kura, na fara ganin irin wannan bidiyo, ina zaune a benci ina jiran a ɗaure mini cen. Yaron garejin ne ya miƙa wa maigidansa waya.

"Oga, dubi yadda Turawa ke wanke kafireta. Ko taɓa ta ba sa yi."

Ogan ya kalla sau biyu, ya mayar masa da wayarsa, ya ce asid suka zuba a ruwan, nan da wata guda kafiretar za ta rududduge. Wani ɗan acaɓa da ke gefe ya ce a'a, wutar lantarki ake sakar wa ruwan. Akwai wani dattijo da ya ɗauro injinsa na ban-ruwa a bayan babur, bai tanka ba har suka gama musunsu, sannan ya ce wa ogan: "To Malam, in an wanke mini da ita, man da nake zubawa zai ragu?"

Ogan da ɗan acaɓan duk ba su canka ba. Babu asid a ciki, ba a kuma sakar wa ruwan wuta. Na'urar gaskiya ce, sunanta altrasonik, kuma tun wajen shekarun 1950 masana'antu ke wanke kayan ƙarfe da irinta. Tambayar dattijon ce mai wuya, domin amsarta tana rataye da abin da ya kama kafiretar tasa tun farko.

Tukuna, mene ne aikin kafireta?

Injin fetur haɗin iska da feshin mai yake ƙonawa. Kafin ya ƙone tsaf, kowane giram 1 na fetur yana neman kusan giram 14.7 na iska. Kafireta ce ke auna wannan haɗi, kuma ba ta da kwamfuta, ba ta da famfo, da dabarar iska kaɗai take aiki. Maƙogwaronta a tsuke yake daga tsakiya. Idan fiston ya zuƙo iska ta ratsa wannan matsatsi, gudunta sai ya ƙaru, danninta ya ragu, sai ta tsotso mai daga kofin da ke ƙasa. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Venturi, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a tun 1797, shi ya sa maƙogwaron ke amsa sunansa har yau. Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon hannu na fesa maganin sauro, mai gwangwani a ƙasa, ya riga ya ga dabarar da idonsa.

A cikin kofin akwai wata roba mai yawo a saman mai, wadda makanikai ke kira fulota, da 'yar allurarta. In mai ya cika kofin sai ta ɗago, allurar ta toshe hanya. In ya yi ƙasa ta sauka, ta buɗe. Daga kofin, mai yana hawa ne ta wasu 'yan ƙusoshin tagulla masu huda a tsakiya, wato jet. Babban jet shi ke ciyar da inji idan an murɗa totur. Silo jet kuwa shi ke riƙe da babur lokacin tayarwa da lokacin da yake tsaye yana aiki a hankali.

A kan girman waɗannan hudoji maganar duka ta ta'allaƙa. A ƙananan babura irin Boxer, Jincheng, Haojue da roba-roba, hudar babban jet wajen milimita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Ta silo jet ba ta ma kai rabin milimita ba, kamar a jera silin gashi biyar ko shida. Bayan su akwai siraran hanyoyi da aka huda a cikin gangar jikin kafiretar, suna lanƙwasa, wasu an toshe bakinsu tun daga kamfani. Ido ba ya ganin cikinsu, buroshi ba ya shiga.

Me ke toshe ta a ƙauye?

Na farko ƙura. Tun da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a cikin birni a Janairun 2013, ƙarfin sana'ar acaɓa ya koma garuruwa da ƙauyuka, inda hanyar burji da ta shanu suka fi kwalta yawa. Babur ɗin da ke jigilar tumatir zuwa Kwanar Gafan, ko mai kai mutane kasuwar Gujungu ranar Lahadi da ta Maigatari ranar Alhamis, ƙura yake shaƙa tun safe har magariba, balle da hunturu. Soson iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga kafireta, shi ne katangarsa. Amma leƙa akwatin iyakilinar babura goma a tasha ka gani: wani soson ya yage, wani ya bushe ƙayau babu ɗigon baƙin mai a jikinsa, wani ma an cire shi ɗungurungum wai don babur ya riƙa numfashi.

Na biyu shi ne man kansa. Ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai, sai 'yan bumburutu masu galan da kwalba. Ba kowane ɗan bumburutu ke algus ba, amma ko mai gaskiyar cikinsu, mansa ya bi ta jarka da tiyo da mazurarin da ya yini a buɗe a bakin hanya. Kuma ba daga nan kaɗai ɓarna ke zuwa ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka sayar a gidajen mai na sosai kafin a janye shi, ƙasa ta shiga dogon layi.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba sai da ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Cika tanki ya zama sai wane da wane. Mutum ya sha lita ɗaya ko rabi, makunnin mai kullum yana kan rizab. Shi kuwa rizab daga can gindin tanki yake jan mai, inda ruwa da tsatsa da yashi suke kwanciya, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Sannan tankin da ke zama wayam iska mai laima ce ke cika shi, da sanyin asuba ta zama raɓa a bangonsa, tsatsa ta samu gindin zama. Tsadar mai da kanta ta ƙara wa kafireta ciwo.

Na ƙarshe shi ne man da ya kwana biyu. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa. In ya daɗe a kofi, marasa nauyin su tashi su bi iska, ragowar ya haɗu da iska ya yi kauri, ya koma wani jan ƙaro mai danƙo da wari, ya manne a bangon hudoji. Babur ɗin ɗan acaɓa ba ya cika gamuwa da wannan, tunda mansa ba ya kwana. Masu fama da shi su ne injinan ban-ruwa na Kadawa, Bunkure da fadamun Haɗeja da Auyo, waɗanda ake jinginewa da zarar damina ta sauka, ba a sake waiwayarsu sai an fara shirin noman rani. Haka janareton da sai da salla ake tayar da shi, da babur ɗin ɗan cirani da ya tafi kudu ya bar shi a zaure wata huɗu. A riƙe wannan bambanci tsakanin yashi da ƙaro, zai yi amfani a gaba.

Wankin da muka saba, da ɓarnar waya

Kowa ya san yadda ake yi. A kwance kafireta, a zuba fetur a yankakken galan, a dirje ta da tsohon buroshin haƙori. A zare jet, a ɗaga shi sama a kalli rana ta cikin hudar. In haske bai fito ba, a warware silin wayar birki ko ta kuloci a zura, a jujjuya. Daga nan yaro ya kafa baki ya hura, ko a aike shi wajen mai faci a busa da iska.

Ba zan raina wannan aiki ba, domin shi ya riƙe baburan ƙasar nan shekara da shekaru, kuma sau da yawa yana fid da kitse daga wuta. In ƙwayar yashi ce ta tsaya a jet, minti goma an gama, mai babur ya kama gabansa.

Matsalar tana jikin wayar. Jet tagulla ne, wayar birki kuwa baƙin ƙarfe ce, ta fi shi tauri nesa ba kusa ba. Duk zurawa sai ta ɗan kankare bangon hudar. Sau ɗaya ba komai, amma babur ɗin da ake wanke wa kafireta duk bayan 'yan makonni, a shekara sau nawa ke nan? Ga lissafi mai sauƙi. Faɗin huda in ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, filin da mai ke bi yana ƙaruwa da kashi 21 cikin 100, domin fili ninkin faɗi ne a kan kansa. A silo jet, kashi 10 ɗin nan bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Babu idon da zai gane. Abin da mai babur zai gani shi ne fulogi yana yin baƙi kamar gindin tukunya, salansa tana warin ɗanyen mai, litar da ke kai shi gari ta dawo da shi yanzu tana ƙarewa a hanya. Sai ya koma gareji ya ce kafireta ta sake yin datti, a sake zura waya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Hura baki kuma magana ce ta lafiya. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini, kuma ɗigon fetur in ya sarƙe mutum ya gangara huhu yana iya kwantar da shi asibiti. Ƙananan yaran gareji ne suka fi yin wannan aiki.

To ina sauti ya shigo?

Sauti girgiza ce. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya haura haka shi ake kira altrasonik. Jemage da shi yake gane hanya cikin duhu, kuma danginsa ne, mai saurin da ya fi haka nesa, ake ɗaukar hoton ciki da shi a asibiti. Yawancin na'urorin wanki na gareji suna girgiza sau 40,000 a daƙiƙa.

A ƙarƙashin kwanon na'urar, wanda ƙarfe ne marar tsatsa, an manna wasu faya-fayan tangaran na musamman. In wuta ta ratsa su sai su kumbura, in ta juya su tsuke. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano a 1880 cewa akwai duwatsun da ke da alaƙa irin wannan da lantarki, kuma lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi aiki da dabarar wajen neman jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. Wutar a jikin faya-fayan take tsayawa. Girgizar ce kaɗai ke shiga ruwan.

Girgizar tana matse ruwan ta sake shi, ta matse ta sake, da saurin da ruwan ba zai iya bi ba. Lokacin sakin sai ya yage, wasu ƙananan kumfa da ido ba ya gani su buɗe. Lokacin matsin su rufta da ƙarfi. Kowace ruftawa tana harba ɗan tsinin ruwa a jikin duk abin da ke kusa, kuma dubbai ne ke ruftawa a lokaci guda, ko'ina ruwa ya shiga. Ka ɗauka buroshi ne da bakinsa ya fi silin gashi siranta, yana dukan ƙarfen ta kowace kusurwa, har cikin lanƙwasassun hanyoyin nan da waya ba ta isa. Tun asali ma a matsayin annoba injiniyoyi suka san wannan kumfa, domin ita ke cin farfelar jiragen ruwa. Masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi lissafin ƙarfin ruftawarta a 1917. Daga baya aka mayar da ita 'yar aiki.

Zzzz ɗin da ake ji a bidiyo ƙarar kumfar ce da rawar kwanon. Ainihin sautin kunne ba ya kama shi.

Kuma na'urar ba baƙuwa ba ce a Kano kamar yadda ake zato. Wasu masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre suna da 'yar ƙaramarta, da ita suke wanke allon wayar da ta faɗa ruwa. Ta kafireta ƙanwa da yaya suke da waccan, girma ne ya bambanta su.

Yadda ake aiki da ita, da kurakurai biyu masu tsada

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne dole sai an kwance kafiretar gaba ɗaya, kamar dai za a yi wankin hannu. A cire kofi, fulota da allurarta, jet duka biyu, silaid (ƙarfen da totur ke ɗagawa ya buɗe wa iska hanya), fakin da duk wata roba. Kafin a zare sukurun daidaita iska, a fara murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya ana ƙirga zagaye, don a mayar da shi inda yake. In an tsoma kafireta a ɗaure, dattin da kumfa ta ɓamɓaro ba shi da ƙofar fita, zai sake kwanciya ne a wani lungu. Laka da giris na waje a fara goge su da hannu, kada su kashe ƙarfin ruwan.

Ruwan wankin ruwa ne mai ɗumi, digiri 50 zuwa 60, da sabulun ruwa mai yanke maiƙo wanda ba ya cin alminiyom. In sabon ruwa ne a bar na'urar ta yi aiki 'yan mintuna tukuna, iskar da ke narke a cikinsa ta fita, don tana rage ƙarfin kumfar. Kaya a cikin kwando ake sa su. In sun zauna a gindin kwanon suna danne girgizar, suna kuma cin kwanon. Ƙananan kaya irin jet a zuba su a kwalbar gilashi da ruwan sabulu, a tsoma kwalbar, girgizar tana ratsa gilashi. Minti 10 zuwa 20, a juya gangar jikin don iskar da ta maƙale a hudoji ta fita, domin inda ruwa bai shiga ba babu wanki. Sannan a ɗauraye da ruwa mai kyau, a busar nan take da iskar kwamfuresa. Wannan mataki na ƙarshe ba a tsallake shi. Ruwan da ya kwana a cikin kafireta farar tsatsa yake haifarwa, a gudu gara a faɗa gidan zago.

Kuskure na farko, wanda na fi jin tsoro in na'urar ta yaɗu a garejojinmu, shi ne zuba mata fetur. Hannun bakanike ya saba, a wurinsa wankin ƙarfe fetur ne. Amma fetur yana fitar da tururin da ke kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Afrilu. Na'urar kuma tana ɗumama shi, tana girgiza shi ya ƙara tashi, ga lantarki a ƙarƙashinsa, ga mai walda a rumfar da ke maƙwabtaka. Tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur, tina da duk danginsu ba su da wuri a cikin kwanon nan.

Na biyu shi ne soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Tana yanke maiƙo kamar me, shi ya sa za ta ruɗi mutum. Sai dai gangar jikin kafireta alminiyom ce ko haɗin tutiya, kuma soda tana cin su duka biyu: ƙarfen ya yi baƙi, ya yi kaushi, ya riƙa barin toka a hannu. Ruwan batir da sauran masu tsami su ma haka. Ashe tsoron ogan nan na Kura yana da tushe, sai dai laifin na abin da aka zuba ne, ba na na'urar ba.

Ruwan da aka gama wanki da shi kuma kada a watsa shi kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa fadama.

Ciwon da ba ta warkarwa

Na'urar wanki ce. Jet ɗin da waya ta riga ta buɗa, ko kwana ya yi a cikinta, a buɗe zai fito, sai dai a saya sabo mai lamba daidai da na asali. Allurar fulota da bakinta ya cinye za ta ci gaba da sa kafireta tana zubar da mai. Silaid ɗin da ƙura ta goge har yana lilo zai ci gaba da shan iskar da ba a auna ba.

Ƙari a kan haka, rabin abin da ake ɗora wa kafireta ba laifinta ba ne. Robar da ta haɗa ta da inji in ta tsage, silo ba zai taɓa zama ba. Bawul in ya matse, sai an yi ta buga kik da safe. Ringin da ya mutu, fulogin da ya gaji, cen ɗin da ya bushe, tayar da ba iska, duk suna shan mai. Kuma in tankin na da tsatsa, soson iyakilina a yage, kafiretar da aka wanke yau da na'ura mafi tsada za ta toshe kafin kasuwa ta zagayo.

A nan amsar dattijo mai injin ban-ruwa take. In injinsa damina ya kwashe a jingine da mai a kofi, ciwonsa ƙaro ne, kuma a kan ƙaro na'urar ta fi waya da buroshi nesa ba kusa ba. Injin zai tashi da wuri, ya daina neman cok, ya zauna daidai. In kuwa shan mai ne kukansa, kuma an sha zura wa jet ɗinsa waya, sabon jet na 'yan kuɗi kaɗan zai fi yi masa amfani. Da zai riƙa rufe makunnin mai ya bar injin ya shanye na kofi har ya mutu da kansa kafin ya jingine shi, ko ya kwance ɗan sukurun gindin kofin ya tsiyaye, da bai ma buƙaci kowannensu ba.

Wa ya kamata ya saya?

Sai a fara da wuta, tunda duk wanda ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO a ƙauye ya san ba a ɗora sana'a a kan layinta kaɗai. Na'ura mai cin lita 6, wadda ta isa kafiretar babur ko ta janareto, galibi girgizarta tana jan wat 180 ne, abin ɗumama ruwanta kuma ya ja 200 zuwa 300. Ɗumamawar ce mai cin wuta, kuma ana iya kashe ta a dafa ruwa a gawayi a sirka, ko a shanya baƙar jarka a rana tun hantsi. Girgizar kaɗai, wat 180 na minti 15, ƙaramar sola mai inbata za ta ɗauka ba tare da ta ji a jikinta ba. Ƙaramin janareto ma zai ja ta, sai dai wutarsa mai hawa da sauka tana iya ƙona allon na'urar. Mai sayen ta gwanjo ya duba bayanta: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, in aka jona kai tsaye an yi asara. Akwai kuma gwajin da ake yi kafin a biya kuɗi. A tsoma fallen takardar alminiyom, irin ta naɗe abinci, na kamar minti ɗaya. In na'urar lafiya take, fallen zai fito da ƙananan hudoji da tamoji ko'ina. In ya fito sumul, ƙara kawai take yi.

Masu cewa ba ta da amfani a nan suna da hujja mai ƙarfi: kasuwa cike take da sababbin kafiretoci 'yan Chaina masu sauƙin kuɗi, me zai sa a wahala? Gaskiya ne, kuma ga kafiretar da jikinta ya cinye canji ne kaɗai mafita. Amma makanikai da kansu sun san araha ba ta ado. Ba kowace ke zuwa da jet daidai da injin da aka ɗaura ta a kai ba, kuma mutum kan jefar da ta asali, wadda ƙaro kawai ya toshe, ya ɗaura wadda ba ta kai ta ba. Kafiretar Keihin ko Mikuni ta asali da ke jikin tsohuwar Honda ko Suzuki abar a wanke a adana ce.

A ganina bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a ƙaramin ƙauye, mai karɓar babur uku ko huɗu a yini, bai kamata ya ci bashi don ita ba. Kuɗin in ya sa su a gwangwanin feshin wanke kafireta, da jet-jet sababbi, da soson iyakilina, da 'yar filtar mai da ake sa wa a tiyo tsakanin tanki da kafireta, abokan cinikinsa za su fi ganin canji a aljihunsu. Inda take da riba shi ne garuruwan kasuwa da na noman rani, irin su Kura, Wudil, Dambatta ko Haɗeja, inda mutum ɗaya zai zauna da ita da kwamfuresa, sauran makanikai su riƙa aiko masa da kafiretocin da suka gagara, kamar yadda ake kai inji wajen mai gyaran ramin fiston, wato borin. Farkon rani, lokacin da manoma ke fito da injinan da suka sha barcin damina, shi ne kakarsa.

Yaran gareji kuma ba za ta ƙwace musu aiki ba, tunda kwancewa da ɗaurawa da saita silo duk suna nan a hannunsu. Bakinsu kawai za ta raba da fetur.

Akwai dalili ɗaya da zai sa matashin bakanike ya fara sanin na'urar tun yanzu. Indiya, inda kamfanonin babura na Bajaj da TVS suke, ta tsaurara dokar hayaƙin ababen hawa daga 1 ga Afrilun 2020, abin da ya sa yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can suka bar tsohuwar kafireta suka koma fesa mai da injekta. Waɗanda ake turo mana har yanzu masu kafireta ne suka fi yawa, amma masu injekta sun fara shigowa. Hudojin injekta sun fi na silo jet ƙanƙanta, ba a zura musu waya ko kusa, kuma a garejojin da ke gyaran motocin zamani da irin wannan kwano mai girgiza ake wanke su.